Wanda Ya Haƙa Rijiyar Tudun Kanya

A Tudun Kanya, wani ɗan ƙauye tsakanin Gwiwa da Roni, akwai gidan marigayi Falalu. Asalinsu makiyaya ne, amma sun fi shekara sittin da zama wuri ɗaya. Akwai Inna Jannatu, matar marigayin, wadda ta haura shekara tamanin. Akwai autanta Nafi'u, shi ke riƙe da gona da shanu goma sha tara. Sai jikarta Bahijja, wadda mahaifiyarta ke aure a Babura, aka kawo ta wurin Inna tun ranar da aka yaye ta. Suna da gero, suna da nono, suna kuma da rijiya mai zurfi a bakin burtali, wadda ko da bazara ba ta ƙafewa. Abin da ba su da shi takarda ce. Babu ko layi ɗaya a rubuce da ya ce rijiyar nan tasu ce.

Bahijja ce ta fara shiga jami'a a zuriyarsu. Tarihi take karantawa, tana shekarar ƙarshe. Da aka ce kowane ɗalibi ya zaɓi abin da zai yi kundin bincike a kai, sai ta zaɓi rijiyar gidansu. Da hutu ta ajiye wayarta a gaban Inna, ta naɗi muryarta har awa uku cikin kwana biyu, Hausa na tafiya, Fillanci na faɗowa jefi-jefi.

Da ta koma makaranta sai jarrabawa ta taso, ranar miƙa kundi kuma ta matso. Ƙawayenta duk suna aiki da manhajar ƙirƙirarriyar basira, wadda za ka ba ta murya ta mayar maka da rubutu, ta fassara, ta tsara. Bahijja ta ba ta muryar Inna. Kafin ta gama cin abincin rana, babi na huɗu ya fito, shafi ashirin na Turanci mai kyau. Ta karanta shafi biyu na farko, ta ji daɗinsu, ta buga kundi biyu. Ɗaya ta miƙa wa sashensu, ɗaya ta ba wani direban Kazaure ya kai gida, don su ga abin da ta yi.

A wannan bazarar ne Alhaji Musaddiƙ ya zo da turaka da wayar shinge. Tsohon ma'aikaci ne, yana zaune a Kazaure, ya gaji gonar da ke jikin rijiyar daga mahaifinsa Haladu, wanda ya taɓa zama wakilin dagaci. Lambu yake son yi, shingen da ya auna kuwa ya haɗa da rijiyar. In shingen ya tsaya, shanun Nafi'u da na maƙwabta sai sun yi tafiyar rabin yini kafin su sha ruwa. Nafi'u ya kai ƙara gaban hakimi. Ba ya karanta Turanci, amma ya san akwai littafi a ɗakin Inna mai hoton rijiyar a bangonsa. Ya naɗe shi cikin leda ya kai, ya ce ga shaidarsu.

Ran Litinin da safe, Bahijja na hanyar aji, wayarta ta yi ƙara. Kawunta Nafi'u ne.

"Kawu, ina kwana?"

"Lafiya. Bahijja, me kika rubuta a littafin nan?"

"Tarihin rijiya ne, Kawu. Abin da Inna ta faɗa."

"Magatakardan hakimi ya karanta mini jiya. Ya ce littafinki ya ce Haladu ne ya haƙa rijiyar. Ya nuna mini sunan da yatsa, wuri-wuri. Ni da hannuna na kai musu. Ran Alhamis za a zauna. Alhaji ya ce ba ya buƙatar wata shaida, tamu ta ishe shi."

Bahijja ta tsaya a gindin wata bishiyar darbejiya ta buɗe babin a wayarta. A shafi na bakwai ta gani. Haladu ya shiga rami. Haladu ya yi kwana arba'in da uku yana haƙa. Dutse ya faɗo wa Haladu a ƙafar hagu. Sunan kakanta bai fito ko sau ɗaya ba.

Ba ta shiga aji ba. Ta wuce ofishin Malama Lailatu, wadda ke duba kundinta. Malamar 'yar Roni ce, mai magana a hankali, ba a taɓa jin ta ɗaga wa ɗalibi murya ba. Ta saurari Bahijja har ta gama, sannan ta tura mata kujera.

"Zauna. Tambaya ɗaya zan fara yi miki. Tun da kika naɗi muryar, kin saurare ta?"

"Ai ina wurin lokacin da take magana, Malama."

"Ba shi na tambaya ba."

Bahijja ta sunkuyar da kai. "Ban saurara ba."

"Babin fa? Kin karanta shi duka?"

"Shafi biyu."

"Ni na karanta shi duka," in ji Malama Lailatu, "na kuma sa hannu. Ban san Haladu ba, ban san kakanki ba, Turancin ya tafi sumul, ban nemi ki kawo mini muryar ba. Wannan laifina ne. To kunna mu ji."

Muryar Inna ta cika ɗan ofishin, ana jin kaji a bayanta. Ta yi ta labarin shekarar da ruwa ya yi ƙaranci, da yadda mata ke tafiya nesa da tuluna. Can sai ta ce, "Haladu ya zo a kan keke ya nuna wurin, ya ce nan dagaci ya yarda. Haladu ya samu gindin kanya ya zauna yana cin goro. To shi kuwa..." Muryar ta ɗan tsaya. "Shi kuwa ya tuɓe riga ya shiga."

Malama Lailatu ta ɗaga hannu, Bahijja ta tsayar.

"Kin taɓa jin kakarki ta kama sunan mijinta?"

"Ko sau ɗaya. Ko wani aka haifa aka sa masa sunan, sai ta laƙa masa wani."

"Tawa kakar ma haka take. To ke kin san wannan tun kina goye. Manhajar ba a gidanku ta tashi ba. Tambaye ta mu ji inda ta samo maganar."

Bahijja ta rubuta tambayar. Manhajar ba ta yi musu ba. Ta amsa cewa a wuraren nan ba a ambaci sunan mai haƙar ba, ita ce ta ɗauki sunan namijin da aka fi ambata ta cike gurbin don labarin ya tafi daidai. Malama ta ce ta sa ta lissafo duk inda tsohuwar ta yi maganar mai haƙar ba tare da suna ba, da minti na nawa ne. Nan take ta jero wuri goma sha huɗu. Ta kuma ƙirga inda aka kira Haladu da sunansa, sau goma sha ɗaya.

"Kin gani, tana da amfani," in ji Malama. "Ni ma ina aiki da ita. Amma kada mu sake ɗaukar maganarta ba mu ji da kunnenmu ba. Ɗauko biro."

Suka bi wuraren ɗaya bayan ɗaya har aka kira azahar. Biyu daga cikin mintocin sun ɗan goce, Bahijja ta gyara da hannu. Da suka gama, Malama Lailatu ta rufe kundin ta ɗora hannu a kai.

"Yanzu ki ji abin da ke gabanki, don kada ki ce ban gaya miki ba. In kika tsaya gaban hakimi kika ce babin nan kuskure ne, dole in janye kundin daga sashe. Ranar miƙawa ta wuce. Ba za ki fita tare da 'yan ajinku ba, sai kin ƙara zango guda."

"In ban je ba fa?"

"Ko ba ki je ba zan janye shi, tunda na sani. Bambancin kawai, in ba ki je ba, Kawunki ne zai tsaya shi kaɗai da littafin da ba ya iya karantawa." Ta dube ta. "Ba don ki iya jera Turanci aka kawo ki nan ba, Bahijja, wayarki ta fi mu sauri ni da ke. Mai karatun tarihi aikinsa ya ji abin da mutum ya faɗa, ya lura da inda ya yi shiru, ya nemi dalili. Tashi ki je ki yi aikinki."

Ran Laraba ta hau mota zuwa Kazaure, daga nan ta hau babur. Rana ta take sosai. Da suka kusa ƙauyen ta hango turakan a kafe, an jera su sun zagaye rijiyar, waya ce kawai ba a ɗaura ba. Shanu na tsaye a bakin kwamin shan ruwa, wani maƙwabci na jan guga.

Kawu Nafi'u ya amsa gaisuwarta a taƙaice ya fita. Inna na zaune a inuwar rumbu tana tsince wake.

"Ga 'yar boko," in ji ta. "An ce kin ba Haladu rijiya. Ke da ko guga ba ki iya ja."

"Inna, na yi kuskure." Bahijja ta durƙusa kusa da ita. "Gobe hakimi zai tambaye ki wanda ya haƙa. Ki faɗi sunan, sau ɗaya kawai."

Inna ta ci gaba da tsintar wakenta. "Shekara arba'in da wani abu muna tare ban faɗa ba. Ya rasu ban faɗa ba. Sai yanzu a gaban maza, a zauren hakimi?"

"Rijiyar fa za ta tafi."

"Ke kika rubuta, ke za ki goge."

Ran Alhamis da hantsi zauren hakimi ya cika. Hakimin dattijo ne, yana zaune a kan kujera, magatakardansa Sama'ilu na gefensa da kundin a cinya. Alhaji Musaddiƙ ya zo da farar riga, ya gaisa da kowa, har da Inna, cikin ladabi. An shimfiɗa wa mata tabarma daga bakin ƙofa.

Alhaji ne ya fara. "Ranka ya daɗe, ni ba rigima na zo yi ba. Tun ina yaro mahaifina ke cewa sun yi rijiya a Tudun Kanya. Ban da takarda, shi ya sa ban matsa ba. Yanzu ga takarda ta fito daga jami'a, kuma 'yarsu ce ta rubuta. Ban ƙara ko harafi ba."

Sama'ilu ya karanta shafi na bakwai, yana mayarwa da Hausa. Aka ji ƙus-ƙus a zauren. Kawu Nafi'u ya ƙura wa ƙasa ido.

Hakimi ya juya wajen ƙofa. "Inna, ke kina nan aka yi. Wa ya haƙa rijiyar nan?"

Inna ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska. "Ranka ya daɗe, ai an sani."

"Ni ban sani ba, Inna. Lokacin ko makaranta ban shiga ba."

Inna ba ta ƙara cewa komai ba. Wani daga baya ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe," in ji Alhaji a hankali, "ba ta musa ba."

Sama'ilu ya ɗauki biro. Bahijja ta matso gaba a durƙushe.

"Allah ya ja zamaninka, ni ce na kawo littafin nan. Ina neman izini in yi magana."

"Ke ce marubuciyar? Bismillah."

"Sunana ne a bangon, ranka ya daɗe, amma babin nan ba ni na rubuta ba. Na ba manhajar waya muryar Inna ta rubuta mini, ni kuma ban karanta ba na miƙa. Abin da ke shafin nan ba shi Inna ta faɗa ba."

Zauren ya ɗau surutu. Alhaji ya yi ɗan murmushi. "Jiya littafi shaida ne, yau da ya juya musu ya zama na waya. Yarinya, a jami'ar taku haka ake yi?"

"A'a, Alhaji. Shi ya sa aka janye shi. Ba zan fita bana ba."

Kawu Nafi'u ya ɗago kai ya dube ta. Bai san wannan ba.

Hakimi ya ce a yi shiru. Bahijja ta ciro takardar da ta rubuta mintoci, ta kunna wayar ta ajiye a kan tabarma. Muryar Inna ta fito: Haladu a kan keke, Haladu a gindin kanya da goro, sannan ɗan shirun nan, sannan "shi kuwa ya tuɓe riga ya shiga." Ta tsallaka zuwa wani wurin, da wani, har guda biyar.

"Ranka ya daɗe, a cikin awa uku Inna ta kira Malam Haladu da sunansa sau goma sha ɗaya, ba ta ji nauyi ba. Amma duk inda aka zo kan mai haƙa, wuri goma sha huɗu, sai ta tsaya ta kauce wa sunan. Wanda ta kira sau goma sha ɗaya ba shi take ɓoyewa ba. Kowa a zauren nan ya san sunan da matan gidajenmu ba sa kamawa."

Wasu dattawa suka gyaɗa kai. Alhaji ya gyara zama.

"Wannan fassararki ce," in ji shi. "Tsohuwa ce, tana iya mantuwa, tana iya gajiya da maimaita suna. Ni abin da aka rubuta na sani."

"To a bar ni in kunna wuri ɗaya, Alhaji, sannan in yi maka tambaya, in ka yarda."

Ya ɗaga mata hannu. Ta nemo minti na saba'in da shida. Inna na cewa, "Ran kwana na talatin dutse ya suɓuce daga guga ya same shi a ƙafar hagu. Aka fito da shi, ya yi jinya kwana shida, ya koma ramin. Har ya koma ga Allah ƙafar nan ba ta miƙe ba."

Bahijja ta kashe wayar. Ba ta ɗaga ido ba. "Alhaji, ka yi haƙuri. Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, yana ɗingishi?"

Alhaji Musaddiƙ ya daɗe yana kallon wayar da ke kan tabarma. Yana iya cewa bai tuna ba, kuma babu mai tilasta shi.

"Mahaifina," in ji shi daga ƙarshe, "har shekarar da ya rasu a keke yake zuwa Babura." Ya shafa gemu. "Amma na tuna wani mutum dogo mai jan ƙafa. In na zo hutu yakan ba ni nono a ƙwarya, a bakin rijiyar."

Hakimi ya juya wajen ƙofa kuma. "Inna, ba sai kin faɗa ba. Jika ai ba ta da wannan nauyin. Ita za ta faɗa, in daidai ne ki gyaɗa mana kai. Yarinya, wa ya haƙa?"

"Falalu, ranka ya daɗe. Kakana."

Inna ta gyaɗa kai sau ɗaya a cikin mayafi. Sannan ta ce, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, "Mara kunya."

Aka yi dariya, har da Alhaji. Hakimi ya yanke cewa a cire turakan da suka zagaye rijiyar, a mayar da shingen bayan burtali. Alhaji na iya ɗibar ruwa don lambunsa kamar kowa, amma rijiya ta gidan Falalu ce, shanu kuma za su ci gaba da sha. Ya karɓi kundin daga hannun Sama'ilu ya miƙa wa Bahijja.

"Ki gyara ki dawo mana da shi mu ajiye. Wannan karon ki karanta."

A hanyar gida Kawu Nafi'u ya tura babur ɗinsa a ƙasa don su jera da Inna. Sai da suka kusa rijiyar ya yi magana. "Zango gudan nan wata nawa ne?"

"Huɗu, Kawu."

"To. Ba yawa."

Bahijja ta koma makaranta. 'Yan ajinsu suka sa rigar kammalawa suka ɗau hotuna, ita tana ɗakin karatu da abin sauraro a kunne. Ta saurari awa ukun nan sau huɗu. Ba ta daina aiki da manhajar ba. Takan sa ta ta rubuta mata shafi, sannan ta bi layi-layi da muryar Inna, duk inda suka saɓa ta bi Inna. Duk inda tsohuwar ta yi shiru, sai ta bar gurbin yadda yake, ta yi bayani a ƙasan shafi. Malama Lailatu ta karanta sabon babin muryar Inna na fitowa daga wayar a gabanta, sannan ta sa hannu.

Abin da yarinyar ta gane shi ne, manhajar na iya rubuta duk abin da Inna ta faɗa, amma sanin abin da Inna ba za ta taɓa faɗa ba aikinta ne ita, kuma shi aka tura ta jami'a ta koya.